Yadda Ake Shuka Agabe a Lambun Ado Inda Rana Ke da Zafi, Ruwa Kuma Ya Yi Ƙaranci

Agabe ta farko da na shuka ni na kashe ta, kuma da bokitin ruwa na kashe ta. Kullum da safe idan na zo ban ruwan furanni sai na zuba mata nata kaso, ina ganin gata nake mata. Ba a yi wata uku ba ganyen ƙasa suka fara yin ɗorawa suna laushi. Ranar da na kama ganye ɗaya na ja don in duba, sai ga shukar gaba ɗaya ta biyo hannuna, gindinta ya zama kamar dafaffiyar kabewa, ga wari. Tun daga lokacin na gane cewa wannan shuka ta saba da ƙishirwa, abin da ba ta iya jurewa shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi. Duk matakan da za su biyo baya a kan wannan batu suke zagayawa.

Mece ce agabe?

Shuka ce mai kaurin ganye, ganyen kuma suna fitowa daga tsakiya suna bajewa a zagaye, a yawancin nau'o'inta kowanne da ƙaya mai tsini a bakinsa da kuma haƙora a gefe. Asalinta nahiyar Amurka ce, musamman ƙasar Meksiko da kudu maso yammacin Amurka da tsibiran Karibiyan, kuma nau'o'inta sun haura 200. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa mata wannan suna a 1753, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abu mai daraja.

Mutane da yawa suna ɗaukar ta alobera ce da ta yi girma. Kama ce kawai, amma ba dangi na kusa ba ne. Ka karya ganyen alobera za ka ga ruwa mai yauƙi, ka yanka na agabe za ka tarar da zare mai ƙarfi, irin wanda ake tuƙa igiya da shi. Alobera takan yi fure shekara bayan shekara, agabe kuwa galibi sau ɗaya take yi a rayuwarta. Kuma kada wanda ya shafa ruwan agabe a fata da sunan magani, za mu zo kan wannan.

Sirrin juriyarta shi ne yadda take numfashi. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensu don shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinsu ke tsiyayewa cikin zafi. Agabe takan rufe nata da rana, sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, ta buɗe ta shaƙi iskar da take buƙata ta adana, gari na wayewa ta yi aiki da ita cikin hasken rana. Ga ganyen cike da ruwa, ga kuma wani farin kakin da ke lulluɓe da su yana rage zafi. Saiwoyinta ba sa nutsawa can ƙasa, bazuwa suke yi kusa da saman ƙasa don su cafke ɗan yayyafin da ya sauka kafin ya bushe.

Mataki na ɗaya: zaɓi irin da ya dace da filinka

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin a wurin mai sayar da tsirrai duk ƙanana ne a cikin leda, kamar kansu ɗaya. Tambayi sunan irin, kuma tambayi iya girman da yake kaiwa.

Agave americana ita ce aka fi gani, mai launin toka-toka da ratsin shuɗi. Idan ta samu wuri tsayinta yakan kusa mita 2, faɗinta ya kai mita 3. Akwai mai ratsin ɗorawa a gefen ganye, akwai mai farin ratsi a tsakiya wadda ba ta kai sauran girma ba. Kyakkyawa ce ƙwarai idan fili ya wadata, amma a ƙaramin tsakar gida fitina ce. Tana 'ya'ya da yawa, har a wasu ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Ostareliya da yankin Bahar Rum ta tsallake lambuna ta bazu cikin daji.

Agave attenuata ita nake ba duk wanda ke da yara ƙanana shawara ya nema. Ba ta da ƙaya, ganyenta kore ne mai haske da taushi, kuma idan ta manyanta takan yi ɗan kututture. Sai dai ita ce mafi raki a cikinsu, rana mai tsananin zafi tana ƙona ta, don haka tana son inuwar la'asar da ɗan ƙarin ruwa.

Agave victoriae-reginae, wadda aka sa wa sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ƙarama ce, ba ta cika wuce rabin mita ba. Kore ce shar, da fararen layuka a jikin ganye kamar an zana da alli. Jinkirin girma gare ta sosai, shi ya sa ta fi kowacce dacewa da tukunya. Agave parryi ma dunƙulalliya ce, mai launin toka da baƙar ƙaya, kuma tana jure sanyi fiye da yawancinsu. Agave angustifolia mai siraran ganye da farin gefe matsakaiciya ce, tana jure damina mai ɗan nauyi fiye da irin na hamada zalla.

Akwai Agave sisalana da ake nomawa don zarenta, wadda aka kai Gabashin Afirka a 1893 har Tanzaniya ta shahara da ita, da Agave tequilana da ake nomawa a jihar Jalisko ta Meksiko. Duk biyun suna yin kyau a lambu, amma manya ne kuma na gona ne a asali.

Lokacin saye, kama tsakiyar shukar, wato dunƙulen sababbin ganyen da bai buɗe ba, ka ɗan girgiza. Idan ya tsaya ƙyam, lafiya lau. Idan yana rawa ko gindin yana da laushi ko baƙin tabo mai danshi, ajiye ta ko da kyauta aka ba ka. Leƙa kuma tsakanin ganye, kada ka sayo farin ƙwaro da kuɗinka.

Mataki na biyu: zaɓi wuri, kuma ka zaɓa sau ɗaya

Tun ran gini tun ran zane. Agabe da ta shekara biyar a ƙasa ba abin da mutum ɗaya zai ciro ya canza wa wuri ba ne, nauyi gare ta kuma kowane gefe makami ne. Saboda haka kafin ka haƙa rami, ɗauki igiya ka auna rabin faɗin da za ta kai idan ta girma, ka kafa tsinke a inda kake so ka sa ta, ka zana da'ira. Idan da'irar ta taɓa hanyar wucewa, ko bakin ƙofa, ko inda ake ajiye mota, ko inda yara ke wasa, matsa da tsinken. Ka ƙara aƙalla rabin mita bayan da'irar don mai wucewa. Ƙayar babbar agabe tana daidai tsayin idon yaro, wannan kaɗai ya isa dalili.

Tana son rana, aƙalla awa shida a yini. Idan inuwa ta yi mata yawa ganyen sukan miƙe su yi tsawo su saki, launin ya dusashe, siffar nan ta dunƙule ta ɓace. Amma a inda zafin bazara ke haura digiri 40, masu ratsin fari ko ɗorawa da kuma attenuata sun fi son ranar safe da inuwar yamma. Kula da bango mai fuskantar yamma da daɓen siminti, suna mayar da zafi a kan ganye.

Sai ka duba inda ruwa ke bi idan an yi sama. Kada ka sa ta ƙarƙashin indararo, ko a kwari inda ruwa ke taruwa, ko a gefen ciyawar ado da ake yi wa feshin ruwa kullum. Gangare da tudu su ne wurinta. Idan kana da shakka, jira a yi ruwa mai ƙarfi ka fita ka ga inda ya kwanta, gani ya kori ji.

Mataki na uku: gwada ƙasa, sannan ka gyara ta

Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Wannan cikawa ta biyu ita ce gwajin. Idan ruwan ya shige cikin awa biyu zuwa uku, ƙasarka ta yi. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwa a ramin, to ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, kuma dasa agabe a cikinta kai tsaye asarar kuɗi ce.

Ga wani kuskure da ake yawan yi: a haƙa rami a cikin laka, a cika shi da yashi, a dasa. Abin da aka yi ke nan an gina wa shukar kwarya, ruwa zai gangaro ya cika ramin ya rasa hanyar fita, saiwar ta jiƙa har ta ruɓe. Mafita ita ce a hau sama. Tara tudu mai tsayin santimita 30 zuwa 45 a kan ƙasar, faɗinsa ya fi mita ɗaya, ka dasa a ƙololuwarsa. Kafin ka tara, sassara fuskar ƙasar da ke wurin da fartanya ka gauraya ta da ɗan haɗin ƙasar da za ka tara tudun da shi, don kada a samu iyaka tsakanin ƙasa biyu inda ruwa zai tsaya.

Haɗin da nake amfani da shi: kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya yashi mai gautsi irin na bakin rafi, kashi ɗaya ƙananan tsakuwa. Ka guji yashi mai laushi kamar gari, idan ya haɗu da laka yakan daskare kamar bulo. Dutsen aman wuta mai ramuka idan ana samunsa ya fi tsakuwa, don ba shi da nauyi kuma yana barin iska ta shiga. Taki kuwa kaɗan ne, shebur ɗaya na ruɓaɓɓen takin da ya huce ya isa tudu guda. Ɗanyen kashin dabbobi kada ya kusanci gindinta. Yadda za ka san haɗin ya yi: jiƙa shi, dunƙula a hannu, ka buɗe. Idan ya wargaje, ya yi. Idan ya tsaya curi da shatin yatsunka, ƙara tsakuwa.

Mataki na huɗu: dasawa

Lokacin da ya fi kyau shi ne sa'ad da ƙasa ke da ɗumi amma ba a tsakiyar tsananin zafi ba, kuma ba a tsakiyar damina ba. Ƙarshen damina ya dace a inda ruwan shekara ke zuwa da ƙarfi lokaci ɗaya, domin shukar za ta samu watanni tana kafa saiwa kafin wani ruwan ya dawo. Yi aikin da yamma ko da sassafe.

Shirya jikinka tukuna: safar hannu ta fata mai kauri, riga mai dogon hannu, tabarau. Kada ka raina tabarau, sunkuyawa kan shukar ake yi, kuma ƙayar ba ta sallama. Idan shukar babba ce, naɗe ta da tsohon buhu ko bargo ka ɗaure da igiya, ku ɗauka ku biyu.

Yanka ledar ko ka kwantar da tukunyar ka zaro shukar a hankali. Karkaɗe tsohuwar ƙasar, musamman idan baƙa ce mai riƙe ruwa irin wadda masu rainon tsirrai ke amfani da ita. Duba saiwoyin: lafiyayyu suna da ƙarfi, matattu kuma sun bushe sun zama holoƙo ko sun yi baƙi da laushi. Yanke matattun da wuƙa mai tsabta. Waɗanda suka nannaɗe a zagayen tukunya ka warware su. Idan ka yi yanka da yawa, ajiye shukar a inuwa kwana biyu ko uku raunin ya bushe kafin ta shiga ƙasa. Ba abin da zai same ta, agabe takan yi makonni a waje ba ta mutu ba.

Ramin ya fi curin saiwar faɗi sau biyu, amma kada ya fi shi zurfi. Wannan shi ne wuri mafi muhimmanci a duk aikin: wuyan shukar, inda ganyen ƙasa suka haɗu da saiwa, dole ya zauna daidai fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara ta da yatsa biyu. Ƙasa takan zauna bayan kwanaki, don haka gara ka ɗaga ta sama kaɗan. Wuyan da aka binne shi ne ke ruɓewa. Mayar da ƙasa, danna da hannu ko ƙotar fartanya, ka kula kada ƙasa ta zuba tsakanin ganye. Idan shukar tana rawa, tokare ta da duwatsu biyu ko uku har ta kama.

Kada ka yi mata kwarin riƙe ruwa a gindi irin wanda ake yi wa dashen itatuwa. Shimfiɗa tsakuwa kaurin yatsa uku a kewaye har zuwa ƙarƙashin ganye. Tsakuwa tana hana ciyawa, tana hana laka fantsama kan ganye, kuma tana barin wuyan a bushe. Busasshen ganye da dusar katako da ake shimfiɗa wa sauran tsirrai ba su dace da ita ba, danshi suke riƙewa.

Sannan ka riƙe hannunka. Kada ka ba ta ruwa ranar da ka dasa. Jira kwana biyar zuwa bakwai, saiwoyin da suka ji ciwo su warke. Na san abin yana da wuya ga wanda ya saba da dashen tumatir, amma haka ake yi.

Idan a inuwa mai sayarwa ya raine ta, kada ka jefa ta cikin rana tsaka lokaci ɗaya. Ganyen zai ƙone ya yi farin tabo, kuma tabon ba ya gogewa, yana nan har ganyen ya tsufa ya mutu, abin da kan ɗauki shekaru. Yi mata 'yar rumfa da buhu ko ragar inuwa na mako biyu zuwa uku, kana janyewa kaɗan-kaɗan.

Mataki na biyar: ban ruwa

Wata biyu na farko, sau ɗaya a mako idan ba a ruwan sama. Bayan haka sau ɗaya a mako biyu har ta cika shekara. Wadda ta kafu sosai, sau ɗaya a wata lokacin tsananin zafi ya ishe ta, kuma da damina ko lokacin sanyi ba ta buƙatar komai daga gare ka. Waɗannan lissafi ne na kusa, ƙasa ce alƙali: tura yatsa ko tsinke santimita 8 zuwa 10, idan ka ji danshi ka koma da ruwanka.

Idan za ka ba ta, ka ba ta sosai, ruwan ya ratsa ƙasa, sannan ka bar ta ta bushe ƙarau. Yayyafin kullum ya fi komai cutar da ita. Zuba a ƙasa kewaye da ita, ba a tsakiyar ganye ba.

Ita ma takan faɗi halin da take ciki. Mai jin ƙishi ganyenta yakan yi siriri, ya yi tamoji, gefensa ya naɗe ciki, kuma ban ruwa ɗaya mai kyau yana dawo da ita cikin kwanaki. Wadda ruwa ya yi wa yawa ganyen ƙasa ne ke yin ɗorawa da laushi kamar an dafa. Abin takaici, mutane suna ganin ɗorawar nan su ce ƙishi ne, su ƙara ruwa. Ƙishi yana da magani cikin sauƙi, yawan ruwa kuwa sau da yawa kafin a farga aikin gama ya gama.

Taki a ƙasa kusan ba ta buƙata. Idan ka ga dole, ɗan kaɗan sau ɗaya a shekara a farkon lokacin girma. Takin zamani mai yawa yana sa ganye ya yi taushi ya kumbura, ƙwari su samu abinci.

Idan a tukunya ce

Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da fenti ba ta fi roba, don tana numfashi. Dole ta kasance da huji a ƙasa, babba. Kada ta fi shukar girma sosai, faɗin da ya ɗara curin saiwa da yatsa uku ko huɗu ya isa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana zama da danshi. Ƙara yawan tsakuwa a haɗin ya kai rabi. Ɗora tukunyar kan bulo ko duwatsu, kuma kada ka bar faranti da ruwa a ƙarƙashinta. Ta tukunya tana bushewa da wuri, don haka ban ruwanta ya fi na ƙasa yawa, wataƙila kowane kwana goma da zafi. Bayan shekara biyu ko uku ka zare ta, ka rage saiwa, ka cire 'ya'ya, ka sabunta ƙasa.

Mataki na shida: gyara da tsabta

Aikin ba shi da yawa. Ganyen ƙasa sukan bushe da kansu, sai ka yanke su daga tushe da wuƙa mai kaifi ko ƙaramin zarto. Kada ka yanke lafiyayyun ganye don gindin ya yi kama da abarba. Wasu na son haka, ni dai a ganina ɓata halitta ne, kuma kowane yanka ƙofa ce ga cuta da ƙwaro. Haka ma datse ganye a tsakiya, ba ya tohowa, yana nan guntu har abada. Idan ƙayar ce damuwarka, ɗauki abin yankan farce ko almakashi ka cire tsinin kawai, ba tare da ka taɓa koren naman ganyen ba.

Game da ruwan jikinta: yana ɗauke da wasu ƙananan allurai na sinadari da ido ba ya gani, suna shiga fata su haddasa ƙaiƙayi da ja da ƙuraje, wani lokaci na kwanaki. Wanda ya sa injin yanka ko zarton lantarki a jikin agabe, ruwan ya fantsamo masa a ƙafa da hannu, ba zai so ya sake ba. Idan ya taɓa ka, wanke da sabulu da ruwa mai yawa nan take. Idan ya shiga ido, ko ƙaya ta soki gaɓa ta kumbura, je asibiti.

Ganyen bishiya da ke faɗawa tsakiyarta ka riƙa cirewa da dogon tsinke. Ciyawar da ta fito a gindi ka tuge ta tun tana ƙarama, idan ta shige ƙarƙashin ƙaya sai ka yi da gaske.

Wani abu da nake so mai shuka ya tsaya ya kalla: a bayan kowane ganye akwai shatin haƙoran ganyen da ya kwanta a kansa tun suna dunƙule a tsakiya. Zanen yana nan kamar an buga hatimi. Kada ka yawaita shafa ganyen, farin kakin nan yana gogewa kuma shatin yatsa yana zama.

Mataki na bakwai: ƙwari da ruɓa

Babban maƙiyinta wani baƙin ƙwaro ne mai dogon baki kamar hanun giwa, tsawonsa kusan santimita ɗaya da rabi, masana suna kiransa Scyphophorus acupunctatus. Macen tana huda gindin ganye ta sa ƙwai, tsutsotsi su ƙyanƙyashe su cinye zuciyar shukar, ƙwayoyin cuta su bi ramin su ruɓar da sauran. Alamarsa ita ce ganyen waje su zube ƙasa su yi tamoji alhali na tsakiya yana tsaye, sai wata rana shukar ta kife. Ya fi son manya masu faɗin ganye irin americana, musamman waɗanda suka kusa fure. Idan ta kai haka ba ta da magani. Tono ta duka, ka tone ƙasar wurin ka tsince tsutsotsi da ƙwarin, ka ƙona ko ka ɗaure a leda ka fitar daga lambun. Inda aka san ƙwaron yana nan, akan zuba maganin ƙwari mai bin jijiya a gindin lafiyayyun a farkon lokacin zafi, bisa umarnin da ke jikin kwalbar. Duba gindin duk sabuwar shuka kafin ta shigo, domin galibi ta haka yake zuwa.

Farin ƙwaro mai kama da auduga yana ɓuya tsakanin ganye, kuma yawan zirga-zirgar tururuwa a jikin shuka alamarsa ce. Goge shi da auduga da aka jiƙa da sifirit, ko ka fesa ruwan sabulu da yamma, ka maimaita bayan mako.

Idan ruɓa ce ka gano da wuri, tono shukar, yanke duk inda ya yi baƙi har ka kai ga fari mai tsabta, ka goge wuƙar tsakanin yanka da yanka. Ajiye ta a inuwa mai iska mako ɗaya ko biyu, ka dasa a busasshen haɗi mai yawan tsakuwa. Matuƙar zuciyar ba ta taɓu ba, takan sake saiwa.

Mataki na takwas: yadda ake samun sababbi

Hanya mafi sauƙi ita ce 'ya'yan da ke fitowa a gindin uwa. Bari ɗan ya kai tsawon tafin hannu. Tone ƙasa tsakaninsa da uwar za ka ga wata farar jijiya mai kaurin yatsa da ta haɗa su, yanke ta ka ɗago shi da 'yan saiwoyinsa idan yana da su. Ajiye a inuwa kwana huɗu zuwa bakwai har bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Dasa a ƙaramar tukunya, jira mako kafin ruwa, ka bar shi a inuwa mai haske. Bayan wata ɗaya ko biyu ja shi kaɗan, idan ya yi gardama ya kama. Ko ba ka buƙatar sababbi, ka riƙa cire 'ya'yan americana kowace shekara, in ba haka ba shuka ɗaya za ta zama kurmin ƙaya da ba mai iya shiga. Ragowar kada ka watsar a bayan gida ko bakin daji, za su kama.

Iri ma yana fitowa: baƙaƙe ne masu faɗi, a barbaɗa kan yashi mai danshi a rufe kaɗan, cikin ɗumi sukan tsiro a mako ɗaya zuwa uku. Sai dai aikin mai haƙuri ne, kuma masu ratsin launi ba sa gadar da ratsinsu ta iri, sai ta 'ya'ya.

Ranar da ta yi fure

Turawa suna kiran americana shukar ƙarni, wai sai ta shekara ɗari take fure. Ba haka ba ne, tsakanin shekara 10 zuwa 30 ne, gwargwadon yanayi da kulawa. Za ka fara ganin sababbin ganyen tsakiya suna fitowa gajeru sirara, sai wani kara mai kauri ya ɓullo, yana tsawo har kana iya ganin bambanci daga safiya zuwa safiya. Na americana yakan kai mita 8, ya yi rassa a sama da furanni masu ɗorawa, zuma da tsuntsaye su yi ta zuwa. A ƙasarta ta asali jemagu ne ke zuwa da dare su sha ruwan furen su yi mata barbara. Na attenuata kuwa lanƙwasowa yake yi kamar jela.

Duk abincin da ta tara a shekarun nan shi take zubawa a wannan kara, shi ya sa ganyen ke motsewa, kuma bayan furen uwar takan mutu. Sare karan ba ya ceton ta, don haka bar shi ka sha kallo, sai fa idan ya doshi wayar lantarki ko rufin ɗaki, ko iska na iya kayar da shi kan hanya. A wasu nau'o'in, irin sisalana da angustifolia, bayan fure ya kaɗe sai ƙananan tsirrai su fito a jikin rassan, ɗaruruwa, kowanne cikakkiyar agabe. Idan sun kai tsawon yatsa sukan faɗo da kansu ko da ɗan girgizawa, ka jera su kan yashi mai ɗan danshi a inuwa.

Cire gawar uwar aiki ne na yini guda. Jira ta bushe sosai, nauyi ya ragu, ruwan ƙaiƙayin ma ya ragu. Sare karan gunduwa-gunduwa daga inda hannunka ya kai, ka yanke ganyen ɗaya bayan ɗaya daga waje zuwa ciki, sannan ka sa diga ka ɓanɓaro kututturen. Zaɓi ɗa ɗaya mafi kyawun siffa cikin waɗanda ta bari, ka sabunta tudun da tsakuwa, ka dasa shi a gurbinta, wuyansa yatsa biyu sama da ƙasa.